Masu Kallon Tsuntsu a Gaɓar Gamkalle, Kowa da Irin Idonsa

Gamkalle ba ta cikin wuraren da littattafan yawon buɗe ido ke yabo. Unguwa ce a gaɓar hagu ta kogin Isa, a da'ira ta huɗu ta birnin Yamai, ƙasa da gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, ba nisa da gada ta biyu da Sinawa suka gina aka fara hawa a 2011. An san ta da majema, da garake na salati da shu, da masu wanki, da kuma ambaliya irin ta 2012 da ta Satumban 2020, lokacin da ruwa ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai ya kwana a ɗakunan mutane. Sai dai tsuntsu ba ya karanta littafin yawon buɗe ido. Inda duk ya sami laka da ƙananan kifi da ƙwari, ga shinkafar Saga a maƙwabta, nan ne masaukinsa.

Kogin yana cika sau biyu a shekara a nan. Jan ruwan damina yana zuwa a Agusta da Satumba, sannan ruwan da ya sauka a tsaunukan Gine ya yi ta jan ƙafa cikin fadamun Mali, ya iso Yamai a tsakiyar hunturu. Daga nan sai ya fara ja da baya, tsibiran yashi su ɓullo. A tsakanin nan ne tsuntsayen gida ke haɗuwa da baƙin da suka ƙetaro hamada daga Turai. An rubuta nau'in tsuntsu fiye da 500 a Nijar, kuma mai haƙuri zai ga rabonsa ba tare da ya bar birni ba. Tun da matsalar tsaro ta sa zuwa gandun dajin W ya yi wuya, harin 9 ga Agustan 2020 kuma ya tsinke hanyar baƙi zuwa wajen raƙuman dawa na Kure, masu sha'awar abin suka koma ga bakin kogin da ke ƙofar gida. Ga irin mutanen da ake tararwa a can.

Mai Lissafi

Ya fi kowa sammako, ya kuma fi kowa ɓacin rai. Madubin hangen nesa a wuya, littafin Nik Borrow da Ron Demey na tsuntsayen yammacin Afirka a hammata, gefen shafukan ya yi baƙi don yawan juyawa. Suna yake nema ya ƙara a jerinsa, kuma tsuntsun da ya riga ya rubuta ya gama amfani a wurinsa. Balbela ɗari biyar za su bi ta kansa da magariba su nufi makwanci, ba zai ɗaga ido ba. Ya rubuta balbela tun ranar da ya fara.

Abin da ke hana shi barci wani ɗan tsuntsu ne launin ƙasa, mai doguwar jela, da ke ɓuya cikin ciyawar bakin ruwa. Masana na kiransa Prinia fluviatilis. Wani Bafaranshe mai naɗar kukan tsuntsaye, Claude Chappuis, shi ya bayyana shi a 1974, kuma da kunne ya gano shi, don a ido da wuya a raba shi da ɗan'uwansa da ke tsalle a kowace garka. Saboda haka za a tarar da Mai Lissafi tsaye gaban ciyawa, madubin da ya saya da tsada yana lilo a ƙirjinsa, ya rufe ido ruf, ya karkata kai, yana roƙon Allah jaki ya yi shiru, majemi ya rage rediyo. Ƴan garka sun daɗe da yanke hukunci a kansa: ko dai addu'a yake, ko kuwa a taya danginsa addu'a.

Da ya koma gida zai zuba abin da ya gani a eBird, rumbun da jami'ar Cornell ta Amurka ta buɗe a 2002, ko a rumbun tsuntsayen Nijar da Joost Brouwer da Ulf Liedén suka kafa, wanda daga baya ya haɗa da Burkina Faso da Cadi. A can wani ɗan'uwansa na jiran sa, mutumin da bai taɓa taka lakar Gamkalle ba amma ya san tabbas abin da aka gani ba shi ba ne.

Mai Dogon Baki

Wannan kuwa hoto ya kawo shi. Yana saɓe da kamara mai baki kaurin taɓarya, wadda kuɗinta ya haura na babur sabo ful, yana sanye da riga launin ganye don kada tsuntsu ya gan shi. Tsuntsu kam wataƙila bai gan shi ba, amma yara goma sha sun gan shi, suna biye da shi suna ba shi shawara.

Maƙiyansa uku ne. Na farko hazon hunturu, wanda ke zuwa daidai lokacin da baƙin tsuntsaye suka cika kogi, ya mayar da kowane hoto fari fat. Na biyu baƙar leda. Ba zalɓen da zai tsaya a gaɓar Yamai ba tare da leda ta maƙale a ciyawar bayansa ba, don haka Mai Dogon Baki yakan ɓata rabin safiya yana rarrafe yana neman kusurwar da za ta nuna kogin Isa tamkar ba a taɓa sayar da ruwan leda a bakinsa ba. Na uku zakaran ƙeƙuwa. Mutum zai yi jan ciki cikin laka, ya danne numfashi saboda warin jima, ya daidaita komai, yatsa ya kusa sauka, sai wannan ɗan tsegumi mai baƙi da fari ya tashi yana ƙara, ya sanar da duk mai fiffike a gaɓar cewa ga mutum nan kwance.

Burinsa ladin kogi, ɗan tsuntsu mai toka-tokan baya, da ƙirji launin ɓawon lemo mai haske, da baƙin zare a wuya, mai gudu-gudu a kan yashi idan ruwa ya janye. Tun ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, Herodotus na Girka ya ba da labarin wani tsuntsu da ke shiga bakin kada yana yi masa sakace, mutane suka liƙa wa ladin kogi labarin, har yau kuwa ba a sami ingantaccen hoto ɗaya da ya nuna haka ba. Abin da tsuntsun ke yi da gaske ya fi wannan daɗin ji: yana binne ƙwansa cikin yashi, idan rana ta take ya je ya jiƙa gashin cikinsa ya dawo ya sanyaya wurin. Mai Dogon Baki ya san duk wannan. Duk da haka, a can ƙasan zuciyarsa, kadan yake jira.

Mai Salula

Ba ya rarrafe, ba ya shiga laka, farar shaddarsa ba ta san abin da ake ciki ba. Yakan zo da la'asar sakaliya, ya juya wa kogi baya, ya ɗaga waya. A hoton fuskarsa ta ci kashi tara cikin goma, can sama kusa da kunnensa akwai wani ɗigo. Wannan ɗigon shi ne tsuntsun. Kafin magariba hoton ya zaga WhatsApp, kuma ɗigon ya zama mikiya. Idan aka ce masa shirwa ce, irin wadda ke sure ƴan tsaki a bayan gidansu, sai ya ce ai ba a wurin kake ba.

Mai Gadin Shinkafa

Da za a raba lambar yabo bisa yawan sa'o'in da mutum ya yi yana kallon tsuntsu, da ba wanda zai ja da shi. Ƙasa kaɗan da Gamkalle akwai fadamar shinkafa ta Saga, ɗaya daga cikin filayen noman ban ruwa da hukumar ONAHA ke kula da su, inda ake girbi sau biyu a shekara. Da zarar shinkafa ta fara nono, yaro ko magidanci zai hau rumfa tun assalatu, majaujawa a hannu, igiya ta ratsa gona an rataya mata gwangwanaye da tsummoki, ya yi ta ja yana ihu har muryarsa ta dushe.

Ba ya buƙatar littafi. Iliminsa ya raba tsuntsaye gida biyu: masu cin shinkafa da waɗanda ba ruwansa da su. Sarkin gida na farko shi ne jan baki, ɗan abin da nauyinsa wajen giram 20 ne kacal, amma masana na ƙiyasta yawansa a Afirka da kusan biliyan ɗaya da rabi, wato ba tsuntsun dawa a duniya da ya kai shi yawa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma mai gadin ya fi kowa sanin haka. Daga nesa yana bambanta garken jan baki da na marai ta yadda suke murɗawa a sama, abin da Mai Lissafi sai ya buɗe shafi. Ranar da su biyun suka haɗu, baƙo ya ga gajimaren tsuntsu ya turnuƙe gona ya ce masha Allah, mai gadi ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, in kana son su haka, kwashe su ka tafi da su garinku. Kyauta na ba ka."

Basarke

Kwale-kwalensa na kamun kifi ne, amma ya lura cewa ɗaukar mutum ɗaya mai kamara ya fi jefa birgi sau hamsin. Ya san inda dorina ke kwana, ya san tsibirin da kirinjijiya ke sauka, ya san gaɓar da tsuntsun nan mai baƙi da fari ke haƙa raminsa, wanda ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike kafin ya faɗo wa kifi. Da shi da zalɓe abokan sana'a ne, kowa na lura da inda ɗan'uwansa ya dage.

Aibinsa ɗaya, ba ya iya cewa babu. A nuna masa kowane shafi na littafi, ko da tsuntsun bakin tekun Muritaniya ne da ba a taɓa gani a nan ba, zai gyaɗa kai.

"Akwai shi, patron. Jiya ma nan ya wuni. Sai dai mu ƙara gaba kaɗan."

Gaba kaɗan ɗin nan tana da farashi, jika ɗaya ko biyu a kan abin da aka shirya. Abin mamaki shi ne, sau da yawa a ƙarshen tafiyar akan ga wani abin da ya fi wanda aka fito nema, misali tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado bai nutse ba. Sai kowa ya sauka yana ganin shi ya ci riba.

Tsohon Shamuwa

Tsuntsu ɗaya yake kallo, sau ɗaya a shekara, kuma ba ya kuskure. Yana zaune a kan buzu a ƙarƙashin bedi, idan Afrilu ya raba ya fara duban sama. Ran da ya hangi shamuwa ta farko, baƙa mai farin ciki, zai aika a faɗa wa ƴaƴansa a ƙauye su gyara kalme su fito da iri. A wurinsa sanarwar ma'aikatar hasashen yanayi, da ta cibiyar AGRHYMET da ke hayin kogi tun 1974, duk shaida ce ta biyu.

Kimiyya ba ta ƙaryata shi ba. Shamuwa na bin ruwan sama ne saboda fara da sauran ƙwarin da ke biyo shi. Tana sheƙa a itatuwan cikin gari a faɗin Sahel da damina, inda ba mai taɓa ta, idan kaka ta yi ta ƙetare zuwa gabashi da kudancin Afirka. Masu bincike daga Denmark sun taɓa ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar na'ura, tauraron ɗan Adam ya bi sawunsu har Tanzaniya. Idan ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni ya kawo wa tsohon wannan labari da zumuɗi, yakan saurara har ƙarshe.

"To, ɗana, da kuka bi ta har can, ta ce muku bana ruwa zai yi?"

"A'a, Baba, na'urar ba ta faɗin wannan."

"To ka gani."

Ƴan Ƙidaya

Su tsakiyar Janairu ne lokacinsu. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a lokaci guda, aka faɗaɗa ta zuwa Afirka a 1991, ƙungiyar Wetlands International ke tattara sakamakon. A Nijar aikin kan faɗa kan ma'aikatan gandun daji da ɗalibai da ƴan sa kai. Ana gane su da takarda a kan allo, da leɓe mai motsi ba sauti. Dabarar ita ce a ƙirga goma, a riƙe girman goman a ido, a yi ta aunawa a kan garke: goma, ashirin, talatin. Mutum na kaiwa ɗari huɗu da wani abu sai jirgin masu ɗibar yashi ya ɓullo, kirinjijiya su tashi gaba ɗaya suna fito, su zaga, su sauka a cakuɗe. Mutum biyu ba su taɓa samun lamba ɗaya ba, kuma kowannensu ya tabbata ɗayan ne bai iya ba.

Ana yi musu dariya, amma lambobinsu na da nauyi. A ƙarƙashin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Ramsar ta Iran a 1971, fadamar da ke tara tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai ta cancanci shiga jerin masu muhimmanci a duniya. Nijar ta shiga a 1987 da gandun W, daga baya aka ƙara wurare irin su Dallol Bosso da tabkin Tabalak. Kuma irin wannan ƙirga ce ta sa a 1969 masu kallo a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsunsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Da aka bi diddigi, sai aka tarar fari ne a Sahel, inda yake cin rani. Manomin Nijar ya riga su sani, a rumbunsa ya gani.

Malam Ana-Ci

Tambayarsa ɗaya ce. A ba shi madubi ya leƙa, ya ga gashin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya har da ƙwayar ido, ya yi salati don mamaki, ya miƙo madubin, sannan ya ce: "Ana ci?" Idan aka ce ba don ci ake kallo ba, sai ya tambaya nawa ake biyan mai kallon. Idan aka ce ba a biya, sai tausayi ya kama shi.

Ƙaramin ƙanensa shi ne yaro mai danƙo, wanda ya fi duk manyan nan sanin tazarar da kurciya ke yarda a matso. Wani lokaci a hannun irinsu ake samun tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, an zana lamba da sunan wani birnin Turai. Wani malamin makaranta a Denmark, Hans Christian Mortensen, shi ya fara wannan dabara ta sa zobe a 1899, kuma kowane zoben da aka mayar da labarinsa yana nuna hanyar da tsuntsu ya bi. Kafin zobe ma, maharbin Afirka ne ya fara ba Turawa darasi: a 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da Klütz a Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta tashi da shi tun daga nan har can. Tana ajiye a jami'ar Rostock har yanzu.

Inda wasan ke ƙarewa shi ne kan ungulu. A da ba a raba ta da mahauta da bayan kasuwa a garuruwan yammacin Afirka. Guba da cinikin sassan jikinta don magani sun cinye ta, har a 2015 aka sa ta a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Yaran Yamai da yawa sun san ungulu da kan zabo a magana, ba su taɓa ganin ungulun ba.

Mai Zargi

Shi tsuntsu bai dame shi ba, masu kallon yake kallo. A ganinsa ba mai hankalin da zai bar barcin safe don agwagwar ruwa, saboda haka akwai lauje cikin naɗi. Me ya sa bakin kamarar ke fuskantar gada? Me ake rubutawa a ƙaramin littafin? Wa ya aiko su? A gaskiya yana da ƴar hujja, domin ɗaukar hoton gadoji da wuraren soja a Yamai abu ne da ke kai mutum ga dogon bayani gaban jami'an tsaro, tsattsewa kuwa ba inda take son liƙa sheƙarta irin ƙarƙashin gada. Mai kallo mai wayo yakan fara da gaisuwa, ya nemi mai unguwa, ya buɗe littafin kowa ya gani, ya juya wa gada baya ko da tsuntsun shekara ne ya sauka a kanta.

Mai Zargi yana da dangi a ko'ina. A 2013, a yankin Kina na ƙasar Masar, wani mutum ya ga farar shamuwa da wata na'ura a bayanta, ya cafke ta ya kai wa ƴan sanda a kan zargin leƙen asiri. Ta kwana a bayan kanta, hotonta ya zaga duniya, kafin a gano masu bincike ne daga Hangari suka ɗaura mata abin don bin hanyar ƙaurarta. Aka wanke ta daga laifi, aka sake ta a wani wurin da ake kare namun dawa a kudancin ƙasar. Ba a yi kwana nawa ba masu kare tsuntsaye na Masar suka ba da sanarwar cewa ta faɗa hannun dangin Malam Ana-Ci, kuma ba su tsaya tambaya ba.